Ƙofar Motar Shanu

Duk wanda ya taɓa gina gida a ƙasar Hausa ko a Barno ya san ba a aza tubali sai an gama shawarar inda ƙofa za ta duba. Magini ba ya son ya juya ta gabas, don daga can ne hadari ya kan taso da iska da ruwa. Maigida kuwa ba ya son ƙofar zaure ta yi daidai da ta cikin gida, don kada mai wucewa ya hango masa iyali. A kan ɓata yini guda ana wannan shawara, alhali kuwa gidan ba zai gusa daga inda aka kafa shi ba har ranar da zai rushe. To, akwai wani irin gida kuma mai tafiya bisa taya, wanda mutane ke kwana a kansa, su ci abinci a gindinsa, su yi salla a inuwarsa kwana uku ko huɗu a jere, amma da wuya a ji an zauna an yi shawarar ƙofarsa. Wannan gida shi ne motar shanu.

Mai son ganinsa sai ya tafi Kasuwar Shanu ta Maiduguri, can wajen Gamboru, lokacin da a ke lodi. Nan a ke tara dabbobi daga cikin Barno da Chadi da Kamaru da Nijar: jajayen Rahaji masu dogon ƙaho, da Wadara na Larabawan Shuwa, da jefi-jefi Kuri na bakin tafkin Chadi, masu ƙaho a kumbure kamar tulu. Fatoma ya sauki baƙo, dillali ya ƙulla ciniki, sa'an nan a kora dabba zuwa bakin mota. Daga nan zuwa mayankar Agege a Ikko tafiyar ta haura kilomita 1,500, ta Potiskum da Kano da Kaduna, a gangara Mokwa, a haye gadar Jebba, a bi Ilori da Badun. Masu nufin gabas su kuma sai su bi ta Bauci da Jos da Lafiya, su haye Binuwai a Makurɗi, su wuce Inugu zuwa Lokpanta ko Fatakwal. Cikin dukan wannan tafiya direba kaɗai ke da ɗan gado a bayan kujerarsa. Yaran mota da 'yan rakiyar shanu ba su da ɗaki sai katakan da a ke gittawa bisa bodi, a saman ƙahonin dabbobi. Nan ne shimfiɗarsu, nan ne ma'ajin jakarsu da butarsu, rana ta doke su a nan, ruwa ya doke su a nan. Kada kuma mai karatu ya ɗauka an yi ƙari da aka kira mota gida. A shekarun rikicin Boko Haram, sa'ad da a ke rufe hanyar Damaturu da yamma, duk motar da ta makara a bakin shinge ta kan zama masaukin mutanenta, kuma a watan Fabrairu na 2020 an kashe matafiya wajen 30 a Auno cikin irin wannan kwana.

A gefen kasuwar akwai wani dattijo kafinta, wanda direbobi da yaransu ba su kiransa da kome sai Baba. Ya shafe shekaru masu yawa yana haɗa bodin katako, yana kuma gyaran wanda shanu suka karya. Mutum ne marar yawan magana, amma in aka taɓo zancen ƙofa ba ya gajiya. Kafin ya riƙe zarto shi ma ɗan rakiya ne, kuma abin da ya sa masa wannan damuwa ya same shi ne tun yana saurayi, wani dare bayan sun wuce Mokwa.

Aikin ɗan rakiya ɗaya ne tak, watau kada ya bar dabba ta kwanta. A kan shimfiɗa yashi a daɓen mota don kada kofato ya zame, a ɗaure ƙahoni a jikin bodi, a matse shanu talatin ko fiye cikin tirela mai tsawon ƙafa 40, kowane yana tokare da ɗan'uwansa. Muddin suna tsaye lafiya ƙalau. Amma da zarar gajiya ko birki ya kayar da ɗaya, sauran sai su cike gurbinsa, su hau kansa, ba kuwa zai iya tashi da kansa ba. A daren nan wani babban bijimi ne ya faɗi can gaba, a kusurwar da ke bayan kan mota. Ƙofar motar guda ɗaya ce, tana can baya, an ɗaure ta da sarƙa, kuma tsakaninta da bijimin akwai shanu cunkus. Hanya ɗaya ta rage, mutum ya sulala daga sama, cikin duhu, ya ratsa ƙahoni da ƙafafu, wuƙa a hannu guda, tocila a baki. Kafin a buga wa direba ya ji, kafin ya sami wurin tsayawa, kafin saurayin ya sami inda zai dafa ƙafa ba a soke shi ba, bijimin ya riga ya cika. Daga waje kuwa, ta tsakanin katakai, ana ganin wuyansa sarai, bai fi kamu biyu daga hannun mutum ba.

A nan ne nauyin maganar ya ke. Dabbar da aka samu da sauran numfashi aka yanka ta nama ce, za a iya sayar wa mahautan garin da ke gaba, ko da a kan rabin kuɗi. Wadda ta mutu wuƙa ba ta kai wuyanta ba mushe ce, ba ta da kuɗi ko kwabo, sai ma wahalar fitar da ita. Tsakanin rabin asara da asara ɗungum babu kome sai 'yan mintoci, kuma mintocin nan a wurin neman hanya su ke ƙarewa. Ga shi kuma yawanci dukiyar ba ta mutum ɗaya ba ce. Sau da yawa fatake uku ko huɗu ke haɗa lodi a mota guda, wani ma bashi ya ci ya sayi shanu biyar ɗin da ke nasa. In ɗaya ya zama mushe ribar tafiyar ta tafi, har ta taɓa uwar kuɗi.

Abin mamaki, ba haka abin ya ke ba a jirgin ƙasa. Kafin zuwan manyan motoci a ƙafa a ke kora shanu kudu ta burtali, a yi makonni ana tafiya, su rame, tsando ya kashe na kashewa. Da hanyar jirgi ta iso Maiduguri a 1964, sai aka koma zuba su cikin taragu. Ƙofar taragon shanu a gefe ta ke, wajen tsakiya, saboda jirgi gefensa ya ke bai wa dakali. Ba don tausayin dabba aka yi haka ba, amma dai ya zama babu saniyar da ta yi nisa da ƙofa fiye da rabin taragu. Jirgin ya daɗe da daina zuwa, mota ta gaje shi, ita kuwa da baya ta ke matsawa jikin tudun lodi. Saboda haka aka kai ƙofa baya, aka kuma tsaya a nan. Watau an yi wa sa'a guda ta lodi tanadi, an manta da kwana ukun da ke biye da ita.

Ita kanta ƙofar baya Baba ba ya raina ta, don ya san wuyarta. Daɓen tirela ya kusa kai wa ƙirjin mutum daga ƙasa. A Turai, inda dokar 2005 ta tsara jigilar dabbobi, an hana matakalar manyan shanu ta wuce tashin taki ɗaya cikin kowane taki biyu na tafiya. In za a bi wannan awo a yi ƙyauren da zai sauko ya zama matakala, to sai ya yi tsawon da ƙato biyu ba su iya ɗaga shi. Don haka ne aka dogara ga tudu, ƙyauren kuwa a yi shi mai buɗewa gefe. A Maiduguri akwai tudu, amma ba kowane wurin sauke kaya ke da shi ba, balle in mota ta lalace a daji dole a juye lodi. Inda babu tudu sai a tilasta wa dabbar da ta kwana uku a tsaye ta yi tsalle, kuma ƙafar da ta tsira daga Barno har bakin teku sai ta karye a taki na ƙarshe.

Abin da Baba ya ke roƙon masu mota shi ne ƙaramar ƙofa ta biyu, a gefe, can gaba inda nisa ya fi yawa daga ƙofar baya, inda kuma nauyin shanu ke tunkuɗowa duk lokacin da aka taka birki. Ya daɗe yana juya yadda za ta kasance, har ya tsaya a kan awonsa. Faɗinta ya isa kafaɗun mutum su wuce, amma kada ya isa saniya. Kada bakinta ya sauka har daɓe, a bar ɗani guda, in ba haka ba yashi da kashin shanu za su cushe ta ranar da a ke bukatarta. Mai buɗewa ciki ba ta da amfani, don dabbar da a ke son kai wa ita ce za ta kwanta a jikinta ta danne. Mai zamewa gefe tana da kyau a ido, amma yashi ya kan cika mata hanya cikin tafiya guda. Saura mai buɗewa waje, ita kuwa aibinta shi ne dukan nauyin shanu a kan sakatarta zai sauka, saboda haka ba a amince wa sakata ɗaya ba, sai an gitta ƙarfe biyu masu faɗawa cikin mazauninsu. Hinjinta kuma ta wajen gaba za a ɗaura shi, don in an yi mantuwa aka tashi ba a kulle ba, iskar tafiya ta tura ta ta rufe maimakon ta fizge ta. Akwai kuma sharaɗi ɗaya da ba ya sassautawa a kai: dole wanda ke ciki ya iya zura hannu ta tsakanin katakai ya ɗage ƙarfen da kansa.

Masu mota suna da nasu dalilai, kuma ba na banza ba ne. Wata rana wani Alhaji da ya kawo sabon shasi ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ce, "Baba, motata ai ba ɗakin amarya ba ce da za a yi mata ƙofar gaba da ta baya."

Baba ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Alhaji, ba don ado na ce ba. Don wuƙa ta iske dukiyarka da rai ne."

Alhaji ya ce, "Wuƙar ce ma na ke tsoro."

Ya kuwa faɗi abin da ke ran mutane da yawa. Mai kaya yana zaune a Maiduguri, bai ga abin da ya faru a Tegina ba. In an sauƙaƙa wa 'yan rakiya kai wa ga wuyan dabba, wa zai hana su yanka lafiyayya su ce faɗuwa ta yi? Ban da wannan, motar ba wofi ta ke komowa ba, ta kan ɗauko siminti ko gishiri ko fulawa ko katako, kuma ƙofar gefe hanya ce ga ɓarawo a kan hawa inda mota ke rarrafe. Na uku, duk inda aka yanke bango an rage masa ƙarfi, sai an ƙara ginshiƙi dama da hagu, ga ƙarin kuɗi. Biyun ƙarshe suna da magani, kwaɗo da ƙarfe. Na farkon ma wayar hannu ta rage masa kaifi, don yanzu a kan ɗauki hoton dabba tana kwance a aika wa mai ita kafin a sa wuƙa. Amma a gaskiya zargin nan bai tsaya da ƙafafunsa ba tun asali. Wanda aka ba amanar shanu talatin ya kai su Ikko, in ya yi niyyar ha'inci rashin ƙofa ba zai hana shi ba. Abin da rashin ƙofa ke hanawa shi ne aikin mai gaskiya.

Sai maganar wane gefe, dama ko hagu. Matasa na yanzu su kan ga kamar ba abin tambaya ba ne, amma Baba ya ga ranar da amsar ta juya. Har zuwa 1972 motocin Nijeriya ta hagun hanya su ke bi, irin na Ingila. Mota in ta tsaya, gefenta na hagu ke wajen ciyawa, saboda haka can kafintoci su ke kafa tsani, can su ke rataye akwatin kayan aiki, can su ke buɗe 'yar ƙofa in za su buɗe. Direbobin Barno ma sun saba da wata wahala, don maƙwabtansu duka, Chadi da Kamaru da Nijar, ta dama su ke bi, mai zuwa Fort-Lamy sai ya sake hannu in ya ƙetare iyaka. Ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, ƙasa duka ta koma dama. An yi ta wayar da kan direbobi ta rediyo da jarida, amma bodin mota ba ya jin rediyo. Cikin dare ɗaya tsanin da ke wajen ciyawa ya koma tsakiyar titi, yaron da ya saba dirowa da baya ba tare da dubawa ba ya zama yana dirowa gaban mota mai wucewa. Kafintoci sun daɗe suna cire tsani suna mayar da shi ɗaya gefen. Abin takaici shi ne har yau a kan ga sabon bodi an kafa masa tsani a hagu, ba don kome ba sai don mai walda a nan ya ga ubangidansa yana kafawa, shi ma a nan ya ga nasa.

Wannan doka ta gefe ba ga ƙofa kaɗai ta tsaya ba, ta shafi duk abin da mutum zai taɓa in mota ta tsaya. Kusan kowace tirela tana da tankin ruwa ko jarka a rataye ƙarƙashinta, da 'yar famfo, don alwala da girki da wanke fuska. In aka rataye ta a hagu, mutum zai tsuguna da asuba, cikin duhu, a kan kwalta, ya ba motoci baya, idonsa a rufe yana wanke fuska. In aka rataye ta a dama, jikin motar duka ya zama masa garkuwa. Bambancin kuɗi tsakanin biyun babu shi, ƙusa huɗu ce a nan, huɗu ce a can. Haka akwatin girki, inda a ke ajiye risho da tukunya da shinkafa: wurinsa dama, nesa da tankin mai, nesa kuma da bakin salansa. Baba ya kan ce wa yaransa kafin su huda ƙarfe su tsuguna a wurin tukuna, kamar mai alwala, su duba ta ina mota za ta fito musu.

Daga nan sai mahaɗa, watau inda kan mota ke kama tirela. Wannan ba aikin kafinta ba ne, amma aikin kafinta ya kan gyara shi ko ya ɓata shi. A bayan kan mota akwai wani faranti na ƙarfe mai baki, a ƙarƙashin tirela kuma akwai fegi mai kaurin inci biyu, shi ke shiga bakin ya kulle. Dukan lodin a kan wannan fegi ya ke juyawa. Direban kirki ba ya yarda da ƙarar kullewa kaɗai, sai ya ɗan ja gaba ya ji ta riƙe, ya kuma leƙa da tocila. Sama da farantin akwai tiyo biyu na iska da wayar wuta guda. Jan tiyo shi ke cika tankin iskar tirela, in ya tsinke birkin tirela ya kama da kansa. Na biyun shi ke kai saƙo duk lokacin da direba ya taka birki, rawaya ne a motocin Turai irin su DAF da MAN, shuɗi ne a na Amurka irin su Mack. Bakunansu ma ba iri ɗaya ba ne, ga shi kuwa a nan a kan haɗa kai daga wata ƙasa da tirela daga wata, a cike giɓin da tsinken roba da waya. Wayar wuta ita ta fi shan wuya. Soket ɗinta in ya fashe ba a cika sayen wani ba, sai a murɗa wayoyi da hannu a naɗe da leda, daga nan kuma kowa ya ja nasa reshe, wannan na ƙwan fitila, wancan na cajin waya. Ranar da ledar ta saki sai fitilun baya su mutu, tirela mai ɗauke da shanu da mutane ta zama baƙin bango a tsakiyar hanya.

Laifin mai haɗa bodi a nan shi ne rowar wuri. Don a sami gurbin saniya ɗaya ko biyu, a kan tura gaban bodi ya matso kusa da kai, ko a ɗaura akwati da safaya taya daidai inda yaro zai tsaya ya ɗaura tiyo. Sai ya zama yaron ba ya kai wa ga mahaɗa sai ya kutsa ta ƙasa, tsakanin tayoyi, wani lokaci inji na aiki. Abin da kuwa ba a kai wa gare shi da sauƙi ba a duba shi, sai ya lalace. Kuma in mota ta karya kwana sosai, kusurwar bodi ta kan matse tiyo ta huda shi. Baba yana so a bar wurin tsayuwar mutum ɗaya a bayan kai, da matakala biyu daga dama, da maratayi wanda zai ɗaga tiyo da waya kada su riƙa gogar ƙarfe. Sa'an nan ƙaramar ƙofar nan tasa ta zo kusa da wannan wuri, yadda mutum ɗaya da tocila ɗaya zai duba mahaɗa, ya leƙa shanun gaba, ya hau sama, duk bai taka kwalta ba.

Ba Barno kaɗai ke da wannan tunani ba. A Amurka akwai masu ɗora ɗan ɗaki a bayan a-kori-kura don yawon hutu, da gado da murhu da makewayi a ciki. Su ma gardamarsu ke nan, ƙofa a baya ko a gefe. Ta baya ba ta cin wuri, amma in mutum ya ɗaura wani abu yana ja, kamar kwalekwale bisa taya, sandar jan ta kan zo daidai bakin ƙofa, kullum sai ya tsallake ta. Ta gefe tana cin wurin kujera, amma tana sauke shi a gefen hanya. Abin koyi a wurinsu shi ne an yi ittifaƙi: ƙofar gefe a dama, mahaɗar ruwa da ta wuta a hagu, kuma masaukan da su ke kwana, waɗanda ke nesa da titi, an kafa musu famfo da turken wuta a wannan gefen, don haka duk inda mutum ya je igiyarsa za ta kai. A Ostareliya kuma, inda kai ɗaya ke jan tirelolin shanu biyu ko uku, a gefe a ke yi musu ƙofofi, don irin wannan doguwar mota ba ta iya komawa da baya zuwa tudu. Masu yawon hutu, waɗanda ba abin da za su rasa sai jin daɗi, sun zauna sun tsara ƙofarsu. Masu neman abinci, waɗanda ransu ke kai, an bar su da abin da mai walda ya ga dama.

Ran nasu kuwa a kai ya ke. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi kan ɗaukar mutane tare da dabbobi a tirela, kuma tana da gaskiya, don sau da yawa ban da 'yan rakiya a kan ɗebi fasinjoji masu neman araha a jera su a sama. Waɗannan ba su da abin yi a can, a hana su shi ne daidai. Amma ɗan rakiya ba fasinja ba ne, in babu shi rabin lodi ba zai isa ba, kuma gargaɗi bai ba shi wani wurin zama ba. In mota ta kife na sama su kan watse, wasu kuwa su faɗa ciki tare da shanu, ƙofar baya tana ɗaure da sarƙa daga waje, masu taimako su yi ta neman gatari. A irin wannan sa'a ƙaramar ƙofa ta fi ƙarfin maganar bijimi. Baba bai ɓoye raunin dabararsa ba: in motar ta kwanta ta dama, ƙofar tasa ta shige ƙasa ke nan. Maganin wannan shi ne a yi biyu, ɗaya kowane gefe, ta hagu a bar ta a kulle sai ranar tsautsayi. Har yanzu bai sami mai motar da ya yarda ya biya kuɗin biyu ba.

Katako ya yi tsada, loko da maɗaci na kirki sun yi wuyar samu, yawancin bodi yanzu na ƙarfe ne. Yaran da Baba ya koya wa zarto sun koma walda, shi kuwa idonsa ba ya jure hasken wutarta, sai ya zauna daga nesa da alli da ma'auni, ya zana musu inda za su yanka. A cikin masu motar da suka yarda aka buɗe musu ƙofar, mafi yawa mutane ne da su ma sun taɓa kwana bisa katakan nan kafin Allah ya ba su motar kansu. Su ba su kan tambayi dalili ba. Kuɗin ƙarfe su kan tambaya, da kuma ko za a gama kafin ranar lodi.